Mai Karɓar Tallafi da Sana'ar da Bai Bayyana Ba

Jama'a masu sauraro, iyayenmu da 'yan'uwanmu na Manshiya, da na Mahadiya da Gurda da sauran unguwannin Sabha, da waɗanda muryarmu ke riska a gonaki da wuraren gini na bayan gari. Barkanmu da sake saduwa a cikin shirinmu na faɗakarwa.

Mas'alar da za mu duba yau mutane da yawa na ɗauke da ita a zuci, amma kaɗan ne ke iya furta ta a gaban malami, domin kunya ta hana wasu, tsoro kuma ya hana wasu. Mutumin da hukuma ke ba tallafi bisa sharaɗin cewa ba shi da abin shiga, alhali tallafin nan ba ya kai shi ƙarshen wata, in ya kama wata 'yar sana'a bai sanar da ofis ba, shin abin da yake ci halal ne, ko kuwa ya ci amanar baitulmali?

Kafin a yi maganar hukunci, wajibi ne a san yadda al'amarin yake. A ƙasar nan ta Libiya, tun shekarar 1985 aka kafa doka mai lamba 16, wadda ta yanka wa tsofaffi da naƙasassu da marayu da matan da mazajensu suka rasu wani abu duk wata, wanda ake kira ma'ash asasi, ana biyansa ta hannun asusun Tadamun, kuma asalin sharaɗinsa shi ne mutum ya kasance ba shi da abin shiga mai isarsa. Wannan kuɗi ya yi shekaru yana dinari 450 kafin a yi masa ƙari. To, a farkon shekarar 2021, da babban banki ya karya darajar dinari, dalar Amurka ta tashi daga wajen dinari 1.4 ta koma 4.48, sai ya zamana dinari 450 ɗin nan, wanda a lissafin hukuma ya haura dala 300, ya tsaya a wajen dala 100, a ƙasar da galibin abin da ake ci daga waje ake shigo da shi, a kuma garin da kaya ba su isowa sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 700 daga Tarabulus. Ba ma wannan kaɗai ba, tun daga 2016 mutanen Sabha suka san wahalar rashin takardun kuɗi a banki, yadda dattijuwa za ta yi sammako ta kama layi, rana ta take, ta zauna a gindin bango da takardar cak a hannu, daga ƙarshe a rufe taga a ce kuɗi sun ƙare, ta koma gida da haƙƙinta rubuce a littafi, tukunya kuwa babu abin ɗorawa. Man fetur da hukuma ta yanke wa dirhami 150 kowace lita, kowa ya san ninki nawa ake biya a bakin titi idan gidajen mai sun rufe.

Yanzu ku kawo a ranku irin matar da kowannenmu ya sani a layinsu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, tana karɓar ma'ash, tana kuma da keken ɗinki a ƙuryar ɗaki, wanda take jan sa bayan sallar isha'i idan akwai wuta, ta rage wa wannan riga, ta kama wa wancan bakin wando. Ko kuwa ta dafa shinkafa da miya a babbar tukunya, ɗanta ya kai wa leburori wurin gini da azahar. Wani watan ta samu abin da zai sayi madara da litattafan makaranta, wani watan ko kuɗin zare bai fita ba. Ran nan sai ga ma'aikacin binciken ofis ya zo sabunta takardu, ya zauna a bakin ƙofa da alƙalami a hannu, ya ce, “Hajiya, akwai wani abin shiga ban da wannan?” A nan ne mas'alarmu take, a cikin ɗan shirun nan da ta yi kafin ta amsa.

Abu na farko da nake so ya tabbata a zukatanmu shi ne, aikin da matar nan ke yi babu ɗigon aibi a cikinsa, bal ma shi ne abin yabo a cikin labarinta duka, domin Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, shari'a kuwa ta fifita mai neman na kansa a kan mai miƙa hannu. Sultan Muhammadu Bello ya wallafa littafi sukutum, Tanbihus Sahib, a kan hukunce-hukuncen neman abinci da falalarsa. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, wadda mu da mutanen Fezzan muke kanta baki ɗaya, ba su taɓa cewa sai wanda ba shi da ko ƙwandala ne faƙiri ba. A wurinsu faƙiri shi ne wanda abin hannunsa ba zai ishe shi guzurin shekara ba, har Shehu Halil ya tabbatar a Muhtasar cewa ya halatta a ba da zakka ga mai ikon yin sana'a, da ma wanda ya mallaki nisabi, matuƙar abin da yake da shi bai kai kifayarsa ba, kuma cewa ana gaskata mai da'awar talauci sai in akwai abin tuhuma. Saboda haka, ta fuskar cancanta, matar da ɗinkinta da ma'ashinta, in an haɗa su biyun, ba su biya mata haya da abinci da magani ba, har yanzu mabuƙaciya ce, keken ɗinki bai fitar da ita daga sahun waɗanda Allah ya sanya wa haƙƙi a dukiyar jama'a ba.

Amma fa zakka daban, asusun hukuma daban. Asusu yana da sharuɗɗan da mahukunta suka gindaya, wanda ya sa hannu kuwa ya ɗauki alkawari, Musulmi kuma an san shi da cika sharaɗi. In aka tambaye ta ƙarara ta ce babu, alhali akwai, ta kuma dangwala yatsa a kan haka, to ta yi ƙarya, kuma ba zan ɓoye muku wannan don tausayi ba, domin tausayin da zai sa mai faɗakarwa ya kira ƙarya da wani suna ha'inci ne ga masu sauraronsa. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito cewa wasu mutum biyu sun zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana rabon sadaka a Hajjin Bankwana, ya dube su sama da ƙasa ya ga ƙarfafa ne, sai ya sanar da su cewa in suna so zai ba su, amma mawadaci da ƙaƙƙarfa mai samun abin yi ba su da rabo a cikinta. Bai aika a binciki gidajensu ba, bai kunyata su a gaban jama'a ba. Ya gaya musu gaskiyar hukunci ya bar su da zukatansu. Haka amanar take har yau a wuyan mai karɓa, ko da ofis bai gano ba.

Sai dai ba a nan zancen ya ƙare ba, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Ibnu Sa'ad ya kawo a Ɗabaƙat cewa wani ayari ya sauka a Madina a zamanin halifancin Sayyidina Umar, sai shi da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsa. Cikin dare Umar ya ji kukan jariri, ya je ya gargaɗi uwar ta kula da ɗanta, ya koma. Kukan ya sake tashi, ya sake zuwa. Da dare ya yi nisa kukan bai tsaya ba, sai ya yi mata faɗa. Ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, ta gaya masa cewa yaye yaron take yi da ƙarfi tun lokacinsa bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba ya ja salla, kuka ya rinjaye shi har mutane ba su gane karatunsa sosai, yana tuhumar kansa da 'ya'yan Musulmi nawa dokarsa ta cutar. Yana sallamewa ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye, an yanka wa kowane jariri kaso tun daga haihuwa, ya kuma rubuta haka zuwa ga gwamnoninsa. Ku lura, jama'a, matar nan dabara take yi wa doka don ta samu kuɗi, Umar kuwa da ya ji dalilinta, dokar ya gyara. Ya gane cewa sharaɗin da ke tilasta wa uwa zaɓi tsakanin lafiyar ɗanta da abincin gidanta, alhakinsa yana kan wanda ya gindaya shi.

Duk tsarin tallafi da zai sa talaka ya ji tsoron cewa ranar da ya samu dinari goma da guminsa, ranar za a rufe masa ƙofa, tsari ne mai koya wa mutane ɗayan biyu, ko zaman banza ko ƙarya, kuma duka biyun asara ce ga ƙasa. Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. A Ingila, tun ƙarshen 2021, mai karɓar babban tallafinsu in ya samu fam ɗaya ta hanyar aiki, kwabo 55 ake rage masa daga tallafin, saura ya zama nasa, don ya ga cewa aiki da faɗin gaskiya ba su jawo masa hasara. Faransa ma ta sake fasalin nata tallafin a 2009 saboda wannan dalili. Abin da suka gano da lissafi, malamanmu sun riga sun gina shi a kan mizanin kifaya, kuma haƙƙi ne a kan duk mai faɗa a ji, limami ne ko dattijon unguwa ko ma'aikacin ofis, ya riƙa isar da wannan magana inda za ta yi amfani.

Na sani da yawa daga cikin masu saurarona, waɗanda suka biyo hanyar Agadas da Dirku da Gatrun, za su ce wannan zance na masu raƙam watani ne, wato lambar ɗan ƙasa ta Libiya, mu da ke zaune bakin titi tun safe da shebur da guduma a gabanmu muna jiran mai ɗauka, wa ya taɓa ba mu ma'ash? Gaskiya ne. To amma ɗan'uwa, a 2011 aka fara shirin tallafi a Nijar wanda ya riƙa ba matan gidajen da aka zaɓa jika goma duk wata a jihohi irin su Maraɗi da Damagaram da Tawa, a Nijeriya kuma an yi na naira 5,000. In masu rubuta sunaye suka zo ƙauyenku suka tambayi maiɗakinka ko akwai mai aiko mata daga waje, me ka gaya mata ta ce? Jerin sunayen nan ƙididdigagge ne. Gidan da aka rubuta da ƙarya, wani gida ya ture, wataƙila na marayun da ba su da kowa a Libiya. In aikenka ba ya yankewa kuma yana isar gida, ka bar wa wancan. In kuwa wata uku kake yi ba ka aika ko sisi ba, to ta faɗi haka, gaskiyar ma ta isa hujja.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a manta da su ba alhali ana tuhumar bazawara da kekenta. Lokacin da aka fara ɗaure albashi da raƙam watani, sunaye masu yawa sun bayyana na masu karɓar albashi biyu ko fiye, da na waɗanda ba su wanzu ba sam. Mai cin albashin ofishin da bai san hanyarsa ba, yana da kanti yana da mota, shi da matar nan ba su hau mizani ɗaya ba, domin ita larura ta tura ta, shi kuwa kwaɗayi. Haka maigidan da zai ɗauki lebura ya yi masa gini wata guda, ranar biya ya ce masa ina takardunka, ya kore shi don ya san ba shi da inda zai kai ƙara: Buhari ya ruwaito cewa irin wannan yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama. Shi ma maƙwabcin da hassada za ta sa ya dinga leƙen tukunyar marayu don ya kai rahoto, ya tuna an hana mu tajassusi, wato leƙen asirin mutane.

To, ke Hajiya, da ke Inna, ga abin da nake gani. Ɗan abin da ke shigowa yau ya ɓace gobe, wanda bai fitar da ke daga buƙata ba, ki ci abinki da natsuwa, kada waswasi ya hana ki barci. In sana'a ta yi albarka har ta riƙe gida, ki je da ƙafarki ki ce a ba wani. In kuwa aka tambaye ki, kada ki rantse a kan ƙarya. Ki faɗi abin da ke shigowa, ki faɗi abin da ke fita, ki ajiye takardar haya da ta magani da ta makaranta a gaban mai binciken, ki nemi a rubuta su duka, ki tafi da wanda ya iya karatun Larabci ya duba miki kafin ki sa hannu, abin da ya shige miki duhu kuma ki kai wa malamin da ya san halin gidanki.

Ba zan yi miki alkawarin cewa gaskiya ba za ta rage miki kome ba, domin tana iya ragewa. In haka ta faru, to nauyin ya dawo kanmu, mu maƙwabtanta da muka ce mata kada ta yi ƙarya. Masu kantuna na Manshiya da ke fitar da zakka, da shugabannin zumuntar Hausawa da ke tara kuɗi don jinya da jana'iza, su sa sunanta a farkon lissafinsu, su kai mata ɗinkin iyalansu, su biya ta a kan lokaci ba tare da neman ragi ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin ijara, da yadda lebura zai kafa shaidu a kan ladansa tun kafin ya ɗauki shebur.