Yayyafin Bazara da Zafin Tawa

A Tawa, watannin Afrilu da Mayu, zafin rana kan haura digiri 40, kowa ido na sama yana jiran hadari.

To, ruwan da ya sauka jiya, me yake yi wa zafin yau? In ƙasa ta jiƙe, rana takan ɓata ƙarfinta wajen busar da danshi, sai iska ta ɗan yi sanyi. In ta bushe ƙayau, duk zafin yana komawa cikin iskar da muke shaƙa.

Sai dai Adar, yankin da Tawa take ciki, ƙasar fako da duwatsu ce. Ruwa ya sauka, ya bi ƙorama ya wuce, kwana kaɗan ƙasa ta koma yadda take. Abin da ya rage gumi ne: zufa ba ta bushewa, dare ba ya hucewa, tsofaffi da jarirai su suka fi jigata.

Shi ya sa nake ganin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a yankin Adar, da aka fara a 1984, ya wuce maganar gero kaɗai. Ramuka da jerin duwatsu suna tsare ruwa a gona, itatuwa su samu na sha, inuwa ta ƙaru.