Muhawarar Birni, Yaron Ruga



Duk ranar 3 ga Disamba, ranar naƙasassu ta duniya, za ku ji kafafen yaɗa labarai sun ɗauki magana guda: yaro makaho, kurma ko gurgu, a kai shi makaranta ta musamman ne, ko a zaunar da shi aji ɗaya da sauran yara? Gari na wayewa kuma shiru, sai baɗi.

Maganar ba ta yau ba ce. A 1994 ƙasashe 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen, suka amince makarantar kowa ta karɓi kowane yaro. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, Najeriya a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta ba su karatu kyauta har sakandare.

Kowane ɓangare da hujjarsa. Masu son makaranta ta musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano, sun ce can ne ake da malaman da suka iya rubutun makafi da maganar hannu. Masu son a haɗa sun ce yaron da ya tashi cikin tsaransa ba ya zama bare a garinsu.

To amma wa ake gayyata ɗakin watsa shiri? Jami'i da masani, duk 'yan birni. Kai da ɗanka kurma ke bin garke, an taɓa tambayarka? Hajiya, ke da kike barin 'yarki gurguwa a rumfa ranar kasuwa fa? A ruga ba zaɓi tsakanin makaranta biyu ake ba, guda ɗayar ma da ƙyar. Mu ma da laifinmu: muna zancen kurame a akwatin da ba sa ji.

Don haka kada ku jira baɗi. Ku kai yaron makarantar da ta fi kusa, ko ta 'ya'yan makiyaya ce, ku nemi a rubuta sunansa. In an karɓe shi, ko an sallame ku, ku aiko mana mu faɗa, duniya ta ji. Allah ya raya mana zuri'a.