Waɗanda Suka Fita Ba Sallama

An nemi in yi magana a kan shugabancin ikkilisiya a lokacin da jama'arta ke raguwa. Ku yi mini haƙuri, da jirgin ƙasa zan fara.

A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arziki, haifaffen Jamus mazaunin Amurka, Albert Hirschman, ya zo Najeriya duba ayyukan da Bankin Duniya ya ba da rance a kansu, har da layin dogon da aka ja zuwa Maiduguri. Gyaɗa ce ta ɗaure masa kai. Kaya mai nauyi, tafiya mai nisa daga Arewa zuwa bakin teku, wannan ai aikin jirgi ne tun asali. Sai ya tarar manyan motoci suna ta ƙwace lodin, hukumar jirgin kuma ko a jikinta. Da ya bi diddigi, ga abin da ya gano: 'yan kasuwar da jinkiri ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, masu bakin da za a saurara, su ne suka fara komawa mota. Suna tafiya ƙorafi ya lafa. Asarar kuɗin kuwa baitulmalin gwamnati ke cikewa. Hukuma ta rasa masu tsawata mata, ba ta kuma ji zafin rashinsu a aljihu ba. Daga nan ya rubuta littafinsa na 1970, inda ya ce in ƙungiya ta fara lalacewa, ɗan cikinta ko dai ya fice ko ya buɗe baki, kuma ƙaunar da yake yi wa gidan ce ke sa ya jinkirta ficewa ya tsaya ya yi magana.

Da wannan ma'auni nake so mu duba Ikkilisiyar Sikotland, wadda ta kafu a 1560 a zamanin John Knox. Ba ta da bishop. Kowace majami'a tana da majalisar dattawa tare da fasto, sama da su akwai majalisar gunduma, sannan babban taron da ke zama a Edinbura duk watan Mayu. Wanda ya tashi a ikkilisiyoyinmu na Arewa ba zai ji tsarin baƙo ba. A 1956 mambobinta sun kai kimanin miliyan 1.3. A 2022 sun koma wajen 270,000. A ƙidayar jama'a ta 2001, kashi 42 cikin ɗari na mutanen ƙasar sun ce su nata ne. A 2011 kashi 32. A 2022 kashi 20, a yayin da masu cewa ba su da addini suka haura rabi.

Kafin in ci gaba dole in yi adalci. Ba shugabanni ne suka jawo wannan duka ba. Guguwar da ta kaɗa Sikotland ta kaɗa Ingila da Holan da Jamus, kuma da fasto mai ƙwazo da rago duk sun ji a jikinsu. Abin da ke hannun shugaba shi ne yadda yake sauraro, da wanda yake zuwa nema.

Wannan ikkilisiya ta san fita mai ƙara. A ranar 18 ga Mayu 1843, ana buɗe babban taro, wakilai suka miƙe suka fice, suka bi titi a jere jama'a na kallo. A ƙarshe fastoci sama da 450, fiye da kashi ɗaya cikin uku, suka bi Thomas Chalmers suka kafa 'yantacciyar ikkilisiya. Rigimar kuwa a kan wa zai zaɓi fasto ce: masu gonaki da sarauta da doka ta ba su ikon naɗawa, ko jama'ar da za su zauna ƙarƙashin wa'azinsa? Mutanen nan sun bar albashi, sun kwashe iyalansu daga gidajen fasto, wasu sun yi sujada a fili cikin sanyi domin mai ƙasa ya hana su wurin gini. Fitar ta yi ciwo, amma kowa ya san dalilinta, an faɗe shi da babbar murya. A 1874 aka soke dokar naɗin nan, a 1929 kuma mafi yawan waɗanda suka rabu suka sake haɗewa. Wanda ya fita yana faɗa bai gama da kai ba.

Fitar da ta biyo bayan 1960 daban take. Babu jerin gwano, babu takardar ƙorafi. Masanin tarihi Callum Brown, a littafinsa na 2001, ya danganta karyewar da lokacin da 'yan mata da matan aure suka daina ɗaukar zuwa coci a matsayin alamar mutuncin mace, alhali su ne ke kai yara makarantar Lahadi, su ne ke jan mazajensu. Uwa ta daina zuwa, ɗa ya tashi bai san hanya ba, jika kuma ba a ma yi masa baftisma ba. An yi rigingimu masu ƙara daga baya, musamman kan fastoci masu auren jinsi, har wata babbar majami'a a tsakiyar Gilasgo ta fice a 2012. Jaridu sun cika da labarin. Amma in ka auna waɗanda suka fita da fushi da waɗanda suka sulale, kamar ka auna kofi da rijiya ne.

Na taɓa yin sujadar Lahadi a wani ƙaramin garin masunta a gabashin Sikotland. Ginin dutse ne mai ɗaukar ɗaruruwa, an ɗaure igiya a kujerun baya domin mu matso gaba, an kunna na'urar ɗumama a gefe guda kawai saboda tsada. Na ƙirga mu ashirin da shida, ni ne ƙarami a cikinsu, kuma a lokacin na haura arba'in. Bayan an tashi, wata dattijuwa da ke riƙe da makullin ta ba ni shayi, ta buɗe mini wani tsohon akwati cike da katuna. Ta ce a da kowane dattijon ikkilisiya yana da unguwarsa, kafin jibin Ubangiji sai ya bi gida gida ya miƙa wa kowa katinsa, ranar sujada a dawo da shi. In katinka bai dawo ba, za a ƙwanƙwasa maka ƙofa a ji ko lafiya. Na tambaye ta 'ya'yanta. Ta ce uku ne, duk masu kirki, babu wanda ya taɓa faɗa da kowa a cocin. Sun dai daina zuwa. Ta yi shiru tana juya cokali, sannan ta ce ita kanta ba ta taɓa tambayarsu dalili ba, tana tsoron amsar.

Me ya sa gidan da ke zubar da jama'a haka ya ɗauki shekaru bai girgiza ba? A nan baitulmalin Hirschman ya dawo. Akwai gine-gine, akwai ajiya, akwai wasiyyar da masu bi suka bari, albashin fasto kuma daga asusun tsakiya yake fitowa. Tsari ne mai kyau, domin shi ke sa ƙauyen tsibiri ya sami makiyayi kamar birni. Sai dai yana rage raɗaɗin da ya kamata ya tashi mutum daga barci. Rumbu na raguwa, amma tun da ana samun na tuwon dare, babu wanda ya leƙa ciki.

Da aka leƙa, sai aka ɗauki wuƙa. A 2019 babban taro ya amince da gagarumin sauyi, aka dunƙule majalisun gunduma daga sama da 40 zuwa kimanin 12. A 2021 aka yanke cewa guraben hidima za su koma 600, aka umarci kowace gunduma ta raba gine-ginenta kashi biyu: na riƙewa da na saki. Majami'u suka shiga kasuwa. Ban ce kuskure ba ne. Mutum ashirin ba za su iya rufin ginin mutum ɗari takwas ba, kuma fastocin da ke ritaya sun fi sababbin shiga yawa nesa ba kusa ba. Amma ku lura da wanda wuƙar ta sauka a kansa: mai amanar da ya tsaya shekara hamsin yana share dandamali. A wasu garuruwa mutanen da suka daɗe ba su taka cocin ba suka taso suka kafa ƙungiya don sayen ginin, saboda a nan aka ɗaura auren iyayensu. Ashe ƙaunar tana nan kwance, an dai yi shekaru ba a je an tashe ta ba.

Yanzu wani zai ce, malam, mu majami'unmu a cike suke, har sujada biyu muke yi. Gaskiya ne, kuma inda muka ragu, sau da yawa bindiga ce ta kore mu, kamar yadda 'yan'uwanmu na ikkilisiyar EYN suka gani a 2014 lokacin da Boko Haram ta mamaye hedikwatarsu a Kwarhi. Wannan wani ciwo ne daban, ba shi nake nufi ba. Ina nufin ɗanka da ka kai makarantar Lahadi, ya je jami'a, ya dawo yana sujada a wata sabuwar majami'a a bakin titi, ko kuma ba ya zuwa ko'ina. Haihuwa tana cike mana gurbinsa, shi ya sa ba mu ganin ramin. Haihuwar nan ita ce baitulmalinmu.

Zan faɗi abin da na yi da hannuna. Ina sakataren majalisar dattawa a wata ikkilisiya da ba zan ambata ba. Akwai wani saurayi, akanta ne, shi ke koyar da mawaƙa. A taron shekara ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Baba, baikon ginin nan shekara uku ke nan ana karɓa, a karanta mana abin da ya shiga da abin da ya fita mana." Ba a ci kuɗin ba, ni shaida ne, lissafin ne kawai a hargitse. Amma maimakon mu ce masa zo ka taya mu, sai muka ji an taɓa mana girma. Aka ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ni na rubuta takardar da aka kira shi gaban majalisa, aka yi masa nasiha a kan biyayya. Ya durƙusa ya ba da haƙuri. Bayan wata biyu ya daina zuwa, abokansa huɗu suka bi shi. Abin da ya fi damuna har yau shi ne, a zaman da muka yi bayan tafiyarsa, mun ji daɗi. Wani ya ce an sami zaman lafiya, ni ma na gyaɗa kai.

Shugaba yakan so mai fita shiru fiye da mai tsayawa yana magana, domin na farko ba ya hana shi barci. Mu kuma mun ƙara wa abin nauyi da al'adarmu ta kunya: ƙarami ba ya ɗaga ido gaban babba, mace ba ta cika magana a majalisa, mai tambaya a ce masa ɗan tawaye. Alhali a Ayyukan Manzanni sura 6, da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni ba su kira su gaban majalisa ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Ga alama ɓangaren da ya yi kuka aka damƙa wa tukunyar.

Fastoci da dattawa, ku koma ku buɗe rajistar baftisma ta shekara goma sha biyar da suka wuce, ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ku ga nawa ne ke zaune a gabanku ranar Lahadi. Iyayenmu mata sun san inda kowannensu yake, ku tambaye su. Ku je ba da niyyar wa'azi ba, ku zauna ku ji.

Ni sai bayan shekara shida na je. Na same shi a shagonsa, ya shimfiɗa mini darduma, ya aika a sayo mini lemo. Na ce masa mun yi kuskure. Ya ce, "Baba, ba komai, ya wuce." Na tambaye shi ko zai dawo. Ya ce 'ya'yansa sun saba da inda suke. Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya, ya tambaye ni ko an gama ginin, ko kuma mawaƙa sun sami mai koya musu.