Tallafi da Ciniki: Abin da Muke Gani Daga Cikin Aji



An nemi mu yi tsokaci a kan dangantakar ciniki da tallafi tsakanin ƙasashe masu arziki da irin namu masu tasowa. Wani zai ce ina ruwan malamin firamare da wannan? Amsar tana zaune a gabanmu kowace safiya, a kan tabarma ko a kan benci.

Da yawanmu mun ga zuwan shirin tallafi makarantunmu. Aka kawo littattafan karatu, aka kira mu bita, yara suka fara haɗa baƙi. Bayan 'yan shekaru wa'adin shirin ya cika, motoci suka daina zuwa, littattafan suka yage babu madadinsu. Ba mu raina alheri ba, amma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na abin da suke samu domin tallafi. Har yau 'yan ƙalilan ne suka cika wannan alkawari. A 2025 kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, shirye-shirye da dama na ilimi da lafiya suka tsaya cik. Ke nan tallafi yana hannun mai bayarwa, ranar da ya ga dama zai janye.

Mu dubi ciniki. Yarjejeniyar Lome ta 1975, da ta Kwatano ta 2000, da dokar AGOA ta Amurka ta 2000, duk sun buɗe wa kayan Afirka kasuwa. Sai dai me muke kaiwa? Ɗanyen mai, riɗi, citta da fata. Fatar da aka jeme a Kano ita ake ɗinka takalmi da jaka da ita a Italiya, ribar ɗinkin kuwa can take tsayawa. An kafa masaƙar Kaduna a 1957, ta ci audugar manomanmu shekara da shekaru. Bayan shirin SAP na 1986, wanda ya karya darajar naira ya kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, ga ƙarancin wutar lantarki, ga atamfar sumoga, sai manyan masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Uban da ya rasa aiki shi ne wanda ya kasa saya wa ɗiyarsa littafin rubutu, ya ɗora mata farantin talla. Kujerar da ba kowa a ajinmu, daga nan labarinta ya faro.

Amma kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18, ga shi mun sake komawa cikin bashi. Dokar UBE ta 2004 ta ware wa ilimin bai-ɗaya kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, bisa sharaɗin jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Jihohi da dama kan bar rabonsu jibge saboda ba su biya nasu kason ba. Wannan kuɗinmu ne, ba roƙo ba.

Saboda haka muna ba reshe shawara uku. Na farko, mu nemi a riƙa zama da malaman aji kafin a amince da kowane shirin tallafi, kuma a rubuta wanda zai ɗauki nauyinsa bayan baƙi sun tafi. Na biyu, mu riƙa bibiyar kason jiharmu na UBE duk shekara, mu bayyana wa iyaye a taron kwamitin makaranta. Na uku, a darasin zamantakewa mu sa yara su duba rigar jikinsu, su tambayi inda aka nome audugar da inda aka saƙa ta.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar yaran nan.