Kan Tunkiyar da Ya Zaga Gida Bakwai

 

Malaman tafsiri, idan sun zo aya ta 9 a Suratul Hashri, inda Allah ya yabi mutanen Madina da fifita waninsu a kan kansu alhali suna cikin buƙata, sukan kawo wani labari daga Abdullahi ɗan Umar. An ba wani sahabi kyautar kan tunkiya. Ya duba iyalinsa, ya tuna wani ɗan'uwansa mai ƴaƴa, ya ga wancan ya fi shi buƙata, sai ya aika masa. Shi ma ya aika wa wani. Haka kan ya yi ta tafiya, gida bakwai, har ya komo hannun wanda ya fara fitar da shi. Masana hadisi sun yi magana kan isnadinsa, amma ma'anarsa ba ta saɓa wa abin da aka sani na halin sahabbai ba.

Mu duba da kyau. Nama bai ƙaru ba, kai ɗaya ne. Amma magidanta bakwai sun kwana da sanin cewa akwai wanda ya tuna da su. Mafi yawan abin da ke hana magidanci barci ba yunwar yau ba ce, tsoron gobe ne: gero ya yi ƙasa a rumbu, tiya ta yi tsada a kasuwa, ga sukarin surukai, ga kayan sallar yara. Abin da ke ƙara wa wannan tsoro nauyi shi ne mutum ya zaci shi kaɗai ne a cikinsa. Ranar da yaro ya yi sallama da ƙwaryar kunu daga maƙwabta, nauyin yakan ragu tun kafin a buɗe faifai. Wanda ya aika ma zuciyarsa takan sami sarari, domin ya ɗan bar lissafin rashinsa ya koma duba na wani.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa Ash'arawa, mutanen Yaman, idan guzurinsu ya ƙare a fagen yaƙi ko abincin iyalansu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ke hannunsu a kan mayafi ɗaya, su raba daidai da mudu ɗaya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su har ya danganta su ga kansa.

Iyayenmu mata sun riƙe wannan fiye da mu maza, gaskiya ce ko da ɗaci. Su ne ke sanin gidan da hayaƙi bai tashi ba. To amma muna jan kunne: ƙwarya ta koma bin gidajen masu hali, a kai inda ake sa ran za a mayar da wadda ta fi. Wannan biki ne, ba tausayi ba. A tuna da matar da mijinta ya tafi cin rani bai aiko ba, da mai takaba, da tsohon da kunya ta hana shi roƙo. A aika bayan duhu ya fara, kada yaron da aka aika ya tsaya yana shela a ƙofa.

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu shiga hukuncin zakkar fidda kai da waɗanda suka cancanci a ba su.