Wa Za Ka Riƙe, Wa Za Ka Ja Baya Da Shi?



Duk wanda ya zo asibiti akan tambaye shi abin da yake ci, da ruwan da yake sha, da yadda yake barci. Akwai wata tambaya da ba a cika yi ba, alhali nauyinta bai gaza na sauran ba: da wa kake zama? Tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kyakkyawan zaman mutum da jama'arsa cikin ma'anar lafiya, tare da lafiyar jiki da ta hankali. A Jami'ar Harvard ta Amurka an soma wani bincike a 1938, aka bibiyi rayuwar maza 724 tun suna samari har suka tsufa. An tarar cewa waɗanda suke jin daɗin zamansu da mutanensu suna da shekara 50, su ne suka fi ƙoshin lafiya da suka kai 80.

Dalilin haka a cikin jiki yake. Idan rai ya ɓaci ko tsoro ya kama mutum, jiki yakan saki wasu sinadarai da ke sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau, sukarin da ke cikin jini ya ƙaru. An yi mu da wannan ne domin tsere wa hatsari na ɗan lokaci. To, idan hatsarin yana kwana da kai a gida ɗaya, ko yana kiran wayarka safe da yamma, sai jikin ya rasa ranar hutu. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga rai, mai hawan jini ko ciwon suga ya ga magani ba ya yi masa aiki yadda ya kamata. Jiki magayi ne, yakan riga baki faɗin gaskiya.

Mu mutanen iyaka jama'armu tana da yawa. Uwa tana Jibiya, 'yarta tana aure a Maraɗi. Wa yana Illela, ƙani yana Birnin Ƙonni. Ɗan kasuwar Maigatari yana da maigida a Damagaram. Lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kowa ya ga wanda ya nemi labarinsa, da wanda bai tuna da shi ba sai da hanya ta buɗe. Wannan yawan jama'a arziki ne, amma ƙarfin ɗan Adam da lokacinsa da aljihunsa suna da iyaka. Saboda haka ya kamata ka san inda kake zuba su.

Da farko, akwai waɗanda za ka riƙe da hannu biyu. Alamarsu takan bayyana a ranar ciwo. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha ba fashi, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke neman majinyaci ya kawo wani amintacce da zai riƙa tuna masa. Mai ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki yana bukatar wanda zai riƙe masa sirri. Matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina sun san wanda ya biyo su da tabarma, sun kuma san wanda ya juya musu baya. Wanda ya raka ka asibiti, ya faɗa maka gaskiya ko da za ta yi ɗaci, ya rufa maka asiri a bayan idonka, kada ka bari hidimar duniya ta shiga tsakaninku. Zumunci a ƙafa yake. Ka je, ka kira, ka rama alheri tun kafin a nema.

Na biyu, akwai waɗanda ba a yankewa amma ana sa wa zama da su iyaka. Yawancinsu na jini ne: ɗan'uwan da ba ya kira sai da bukata, gwaggon da ba ta tashi daga gidanka sai ta bar rigima, surukin da ya mai da gori abin gaisuwa. Addini da al'ada sun hana yanke zumunci, kuma ba wanda yake kiran ka zuwa ga hakan. Sai dai gaisuwa daban, miƙa wuya daban. Kana iya zuwa suna da biki da ta'aziyya, ka gaishe su da ladabi, ka taƙaita zama. Kana iya ware abin da za ka iya bayarwa a wata, idan ya ƙare ka ce, "Yaya, wannan karon ba hali, Allah ya hore mana." Kuɗin maganinka da na abincin 'ya'yanka ba na rabo ba ne. Sirrin ciwonka kuwa naka ne, ba kowa ya cancanci jin sa ba don kawai kun haɗa kaka.

Na uku, akwai waɗanda rabuwa da su ita ce magani. Abokin da ya fara miƙa maka tiramol ko kwalbar maganin tari, yana cewa za su ƙara maka ƙarfin aiki, yana cikinsu. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta iya raba ka da majalisar da ake sha. Wanda yake son daina shaye-shaye yana komawa dandalin da ya saba, da wuya ya tsira, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Haka wanda yake zuga ka ka jefar da maganin asibiti, da wanda yake tallar asirinka a kasuwa. Ba sai an yi faɗa ba. Ka sauya wurin zama, ka rage amsa kira, ka bar gaisuwar hanya.

'Yar'uwa, ga magana ta musamman gare ki. Haƙuri abin yabo ne a zaman aure, amma duka mai barin rauni, ko hana ki zuwa awon ciki, ko barazana ga ranki, sun wuce abin da ake haɗiyewa a yi shiru. Ki faɗa wa waliyyinki ko wata babba da kika yarda da ita, ki zo a duba lafiyarki, idan ta kama a kai magana gaban alƙali. Iyaye kuma, idan 'yarku ta dawo da tabo a jiki, ku saurare ta kafin ku ce ta koma.

Kafin ka yanke hukunci a kan kowa, ka yi hattara da abu biyu. Kada ka yanke shi cikin fushi, domin saɓani na rana ɗaya bai isa ya rushe amanar shekaru ba. Ka dubi halin da yake maimaita kansa, ka yi wa mutum magana a keɓe, ka ba shi damar gyarawa. Sannan idan ka ji kana so ka guje wa kowa da kowa, har da masu ƙaunarka, to wataƙila ciwon damuwa ne yake magana da bakinka. Baƙin ciki ko rashin sha'awar komai da ya wuce mako 2, tare da rashin barci da kasala, cuta ce da ake yi wa magani. Wanda tunanin kashe kansa ya zo masa kuwa, ya faɗa wa wani nasa, ya zo asibiti a ranar, kada ya jira gobe.

Ka kuma auna kanka da ma'aunin da ka auna wasu. A wane rukuni matarka, da maƙwabcinka, da yaron shagonka za su sanya ka?

Ma'aikatanmu na kowane gefen iyaka a shirye suke su saurare ku cikin sirri. Allah ya ba mu lafiya, ya haɗa mu da abokan zama nagari.