Ɗinkin Sallah Tun Kaka Ake Shirya Shi

Wannan shi ne jawabin da editan jaridar nan ya yi wa mata masu koyon ɗinki a azuzuwan yaƙi da jahilci na Kankiya da Kusada. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

  Na san kowace ta baro aiki a gida, saboda haka ba zan tsare ku da yawa ba.

Maganar da na zo da ita ta ɗinkin gida ce. Watau tufafin da mace ke ɗinka wa kanta da 'ya'yanta, da kekenta, a cikin ɗakinta. Da yawanku kun iya yanka, kun iya haɗawa, kun iya kalmasa. A wannan fanni sai dai ku koya mani. Abin da zan yi magana a kai shi ne lokaci. Yaushe za a sayi yadi, yaushe za a yanka, yaushe za a gama.

Kowa ya san yadda goman ƙarshe na azumi ke kasancewa a gidan da ke da keke. Keke na kuka har sahur. Uwar gida ta wuni da ƙishirwa, ta dama kunu, ta soya ƙosai, sannan ta hau keke da fitila a gefe. Ido ya yi ja, baya ya ƙage. A irin wannan dare ne almakashi ke cin inda bai kamata ba, a ɓata atamfar da aka sha wuya kafin a saya. Ran idi kuma a ga yaro na kuka a zaure, sa'o'insa sun tafi masallaci, shi wandonsa ko zariya ba a zura ba. Wani lokaci ma 'ya'yan mai keken su ne ke kwana ba sabon kaya, don ta tsaya ɗinkin maƙwabta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

To, mu fara da lissafin wata. Mu nan da lissafi biyu muke aiki. Akwai na gona, watau bazara da damina da kaka da rani. Wannan yana nan inda yake kowace shekara. Akwai kuma na watan Musulunci, wanda shi ke kawo azumi da salloli. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355. Ta Bature kuwa kwana 365 ce. Saboda haka kowace shekara sallah na matsowa da kamar kwana 11.

Ku duba. A 2023 an yi ƙaramar sallah ran 21 ga Afrilu. A 2024 aka yi ta ran 10 ga Afrilu. A 2025 kuwa ran 30 ga Maris. Haka za ta yi ta matsowa, ta shiga hunturu, ta shiga kaka, sai bayan kamar shekara 33 ta dawo inda ta fara. Manya daga cikinku za su tuna a 1991 ma cikin Afrilu aka yi ƙaramar sallah.

Me ya sa na kawo wannan? Domin kuɗin manomi da kaka yake zuwa. Gero na shigowa gida wajen Satumba, gyaɗa ta biyo baya, dawa da wake su zo ƙarshe, wajen Nuwamba zuwa Disamba. A shekarun nan azumi bai da nisa daga wannan lokaci, kuma kowace shekara tazarar na raguwa. A 2025 ran 1 ga Maris aka ɗauki azumi. Watan Rajab, wanda muke kira watan azumin tsofaffi, ya kama ne a farkon Janairu. Kun ga ke nan ya zo daidai lokacin da aka gama sussukar dawa, aiki ya yi sauƙi, hannu kuma da ɗan abin taɓawa. Wannan sa'a ce. Wadda ta bar ta ta wuce, za ta je kasuwa cikin azumi, lokacin da kowa ke neman yadi, ɗan kasuwa kuma ba ya sauraron tayi.

Shawarata ita ce ɗinkin mutanen gidanki ki yi shi cikin Rajab. Sha'aban wata ne na bukukuwa, kowa na son ya kai 'yarsa ɗaki kafin azumi, ba za ki sami zama ba. Idan kuwa za ki yi ɗinki cikin Rajab, to yadi ya kasance yana cikin akwatinki kafin watan ya kama.

Yanzu ga inda karatun da kuke yi zai yi amfani. Kowace ta nemi littafin rubutu guda, irin na 'yan makaranta, ta ware shi don ɗinki kaɗai. Kada a bar yara su yage shi. A shafin farko ki rubuta sunan kowa da ke gidan. A gaban kowane suna ki rubuta abin da yake bukata cikin shekara. Kafin ki rubuta, buɗe akwati ki duba abin da ke ciki. Sau da yawa za ki tarar rigar da ta yi wa babba kaɗan za ta shiga ƙaninsa, gyara kawai take so. Zanenki da ya koɗe ta gefe ɗaya zai fitar da rigar zaman gida ta yarinya. Abin da akwati bai biya ba, shi za ki saya.

Sai ki rubuta yawan yadi. Turmin atamfa yadi 6 ne, watau falle 3. Riga da zane da ɗankwalin babbar mace turmi guda suke ci. Ƙananan 'yan mata biyu suna iya raba turmi guda. Yaro ɗan shekara goma, riga da wando, kamar yadi 3. Babban mutum yadi 4 zuwa 5, gwargwadon jikinsa. Kada ki manta da ƙananan abubuwa, domin su ke tsayar da aiki: zare mai launin yadin, da zif, da maɓalli, da roba, da allura. Mace ta zauna ta gama riga tsaf, a rasa zif, a jira ranar kasuwa. Mako guda ya tafi ke nan.

A wani shafin ki rubuta awon kowa. Tsawon riga, kafaɗa, ƙirji, hannu, ƙugu, tsawon wando. Ki sa kwanan watan da kika yi awon. Nan wata za ta ce mani, Malam, idan na ɗinka wa yaro kaya tun Rajab, kafin sallah ai ya girme su. Gaskiya ce, yaro na girma. Amma wata biyu zuwa uku ne tsakani. Ki bar rarar inci 2 a kalmasar riga da ta ƙafar wando, ki ɗan saki jikin rigar. Ana jibi sallah a gwada. In ta ɗage, a farke kalmasa a sauke. Wannan aikin ɗan lokaci ne kaɗan.

Sai lissafin kwanaki, kuma a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Mace za ta ce ai riga da zane wuni guda nake gama su. I, a ranar da ba girki, ba goyo, ba baƙi. Irin wannan rana guda nawa ce a shekara? Mu ɗauki misali. Ke da 'ya'ya biyar, kaya shida ke nan. Ki ba kowanne kwana 2, ya zama kwana 12. A mako kuma da wuya ki sami fiye da kwana 4 na zama kan keke, domin akwai Juma'a, akwai suna, akwai gaisuwar mutuwa, akwai ranar girkinki in kuna da yawa. Kwana 12 ya zama mako 3. Ki ƙara mako guda saboda zazzaɓin yara da abin da ba a zata ba. Wata guda cif. Shi ya sa na ce Rajab gaba ɗayansa. Ki fara da na ƙananan yara, naki ya zo ƙarshe. Duk wanda kika gama ki ja layi a kan sunansa.

Batun kuɗi. Tufatar da iyali haƙƙi ne a kan maigida, kowa ya sani. Amma akwai bambanci tsakanin a tare shi ana saura kwana goma sallah a ce yara ba su da kaya, da a nuna masa littafi tun kaka a ce ga abin da ake bukata, yadi kaza, turmi kaza. Na farko faɗa yake kawowa. Na biyu yana ba shi damar ya kawo kaɗan-kaɗan, yau na wannan, wani mako na wancan. Ke kuma abin da za ki ƙara daga ƙuli-ƙuli ko kiwon kaji ko akuya, ki san shi tun da wuri. Masu adashi, ku roƙi uwar adashi ta sa ɗaukarku ta faɗo kafin Rajab.

Abu guda zan ja kunne a kai. Da kaka hatsi ba ya da daraja a kasuwa, kowa na kaiwa. Kada a buɗe rumbu a sayar da abincin gida da arha saboda atamfa, a zo cikin damina ana awo da tsada. In za a sayar, a sayar da gyaɗa ko wake da aka noma don sayarwa. Gero da dawa a bar su inda suke.

Wajen sayen yadi, ku na Kankiya kuna bakin hanyar Kano zuwa Katsina. Kantin Kwari a Kano nan ne uwar kasuwar yadi da atamfa, daga can mafi yawan 'yan kasuwarmu ke saro kaya. Sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai. Mace ɗaya ta tafi Kano saboda turmi biyu, rarar da za ta samu mota ta cinye. Dabara ita ce ku haɗu, mata biyar ko goma na aji ɗaya, ko a Kankiya ko a Kusada. Kowace ta rubuta abin da take so a takarda, da launi, da yawan yadi, da kuɗin da ta bayar. Ku aiki mutum ɗaya amintacce, ku raba kuɗin motarsa. In sayayyar ba ta da yawa, ku saya a kasuwar da ke kusa da ku, ko a Charanchi ran Lahadi. Duk inda aka saya, a rubuta farashin a littafi. Baɗi shi zai nuna maki nawa za ki tanada.

Keken shi ma yana da nasa lokaci. Ko Butterfly ce ko Singer, ƙurar hunturu ba ta bar ta. Kuma ga shi ɗinkin namu cikin hunturu zai faɗo. Kafin ki fara, ki buɗe wajen kwarkwaro ki share ƙura da burbushin zare, ki ɗiga man keke a wuraren da ke motsi. Man keke na ce. Man gyaɗa daskarewa yake yi ya kama ƙura, keke ya yi nauyi. In kin tashi daga aiki ki lulluɓe shi da tsohon zane. Allura lamba 14 ta dace da atamfa da yadi mara kauri, lamba 16 kuma ta kaki ce. In keke na tsallake ɗinki ko yana tsinka zare, ki fara canja allura. In bai daina ba, ki kai wa mai gyara tun yanzu, domin cikin azumi shi ma layi ake yi masa.

Babbar sallah na zuwa ne wata biyu da kwana goma bayan ƙarama. A 2024 ran 16 ga Yuni aka yi ta, a 2025 ran 6 ga Yuni. Lokaci ne na neman iri da taki, ga kuma ragon layya ga wanda ya sami iko. Ni a ganina, gidan da ba shi da hali kada ya ɗora wa kansa sabon ɗinki sau biyu. Kayan ƙaramar sallah, in an wanke an goge an adana, suna fita idi na biyu ba kunya. Wadda ke da hali ta sayi yadin tare da na farko, ta ɗinka shi a watan bawan salloli.

Sauran shekara ba ta da wuya. Kayan makaranta a gama su cikin Agusta, domin a Satumba ake shiga sabon aji. Kayan jariri a fara tun ciki na wata bakwai. Ƙyallayen da suka rage kada a zubar, a tara su a buhu. Da damina, ranar da ruwa ya hana fita, a haɗa su a yi zanen goyo ko rigar filo.

Daga ƙarshe, masu karɓar ɗinkin waje. In kin gama na gidanki a Rajab, azumi ya zama lokacin neman kuɗinki. Amma ki yi wa kanki iyaka. Ki duba littafi ki ga kaya nawa kike iya gamawa a mako, ki rage saboda azumi, ki tsaya a nan. Daga 15 ga azumi ki daina karɓa, ko 'yar'uwarki ce ta kawo. Ki ba ta haƙuri. Za ta ji haushi na kwana biyu, amma ta sami lokacin kai wa wata. In kika karɓa kika kasa, ran jajibere za ta zo ƙofar ɗakinki, unguwa duk ta ji. Duk wadda ta kawo ɗinki ki rubuta sunanta, da irin yadinta, da kafin alƙalamin da ta bayar, da ranar da za ta karɓa. Ki karanta mata a gabanta.

Na roƙi malamanku su ware darasi ɗaya a mako mai zuwa don wannan aiki. Kowace ta zo da littafinta da fensir da tef na awo. Wadda hannunta bai faɗa da rubutu ba tukuna ta zauna kusa da wadda ta iya, su rubuta shafin farko tare. Wadda kuma ba ta gane lambobin jikin tef ba, ranar za a nuna mata.